Ƙaryar Barira

Tana da shekara biyu da rabi
ta rufe ido da tafin hannu a tsakar gida,
ta ce, “Baba, nemo ni.”
Ga ƙafa a fili, ga kitso, ga cibiya,
amma tunda duhu ya rufe ta
a ganinta ya rufe Gwammaja gaba ɗaya.
Na zagaya randa, na leƙa bayan turmi
ina cigiya da ƙarfi.
In za a bi diddigi,
ni na fara yi mata ƙarya.

Tana uku ta faɗa wa gwangwanin madara.
Fari fat daga haɓa har karan hanci.
“Wa ya sha?”
“Mage.”
Ba mu taɓa kiwon mage ba.
Ta faɗa tana lasar yatsa,
ba ta san fuska ma tana da baki ba.

Sai wata Laraba, tana huɗu da ’yan watanni,
ina saurin fita shago a Fagge,
na nemi almakashina na rasa.
Shaddar Alhaji Mamuda, wadda na yanko a Kwari,
an ci mata kusurwa kamar aikin ɓera.
Ƙasa a share tas, ko zare babu.
Na tambaye ta.
Ta ce, “Kawu Sagir na gani da shi.”
Sagir da ya tafi Wudil tun da asuba,
wanda ba ya ɗaukar waya.
Duk gidan shi ta zaɓa.
Ba ta kalli ƙasan katifa inda ta tura shi ba,
idona take kallo,
tana auna abin da ya shiga da wanda bai shiga ba.

Ranar ta gano kaina ɗaki ne mai ƙofarsa,
abin da aka yi a bayana ba ya kwana a ciki
sai wanda aka miƙo.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba.
Na ce Allah yana gani ko Baba bai gani ba,
na ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Ta yi kuka, ’yar tsanarta sanye da sabon zane na shadda.
Amma a adaidaita, wajen Ƙofar Mazugal,
dariya ta ƙwace mini,
sai kuma wani abu ya tokare ni a ƙirji:
yarinyar da ke zaton duk abin da ta sani na sani
ta tafi, ba sallama.

Bana ta cika bakwai.
Idona ya fara hazo, zare na wahalar da ni a kafar allura.
Daren jajibirin Salla aka ɗauke wuta,
na ƙarasa rigarta da fitilar waya a baki.
Da safe ta saka, ta juya, ta sake juyawa.
“Baba, duk layinmu babu mai irinta.”
Na ji daɗi har kunne.

Bayan isha’i ina alwala a gindin taga
na ji tana yi wa Mudassir raɗa:
“Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.
Kar ka faɗa. Idonsa ne.
Bai san na sani ba.”

Ruwan buta ya ƙare ina tsugune.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba,
na sha faɗa wa manya,
ban san yaushe ta koya ba.
Wannan ma ƙarya ce, malam zai ce,
ni dai ban iya ɗaga murya a kanta ba.

Washegari ta sake saka rigar,
ta naɗe dogon hannun sau biyu.
Na ce, “Ta zauna miki daidai.”
Ta ce, “Sosai, Baba.”
Muka sha kunu,
kowa na riƙe da abin da ya sani.